Zobe a Ƙirjin Matata

Matata ba ta iya cin abinci da sauri ba. Ba zagi ba ne, ni da na aure ta na fi kowa sani. Loma ɗaya takan tauna ta har ka manta da hirar da ake yi, ta kurɓi ruwa, ta ɗan miƙe wuya, ta jira, sannan ta kai hannu ga ta biyu. Nama kuwa sai ta yayyanka shi mitsi-mitsi. Yaranmu sun taso sun tarar da haka, ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ni kuma malamin firamare ne, jira sana'ata ce.

Wadda ta kasa yafewa ita ce mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna.

Inna ta ƙarar da ƙuruciyarta tana sayar da abinci a wani shago kusa da tashar mota. Direbobi kan bar fasinja a rana su zo su bi layi. Wani mai gyaran taya ya taɓa rantsuwa cewa saboda miyarta ya fasa ƙaura daga unguwar. To macen da gari guda ke lashe kwanonta, sai ga 'yar cikinta zaune a kan benci, a gaban masu saye, tana juya cokali kamar an ba ta magani. Inna ta duba abin ta yanke hukunci tun yarinyar ba ta shiga makaranta ba: raini ne. Ta laƙaba mata Hawainiya, sunan ya bi ta har gidan aure. Yanzu matata ta haura arba'in, tana da furfura a gefen kunne, amma duk ranar da muka je gaishe da Inna sai ta ajiye mata kwano ta ce, "Ga shi nan, ranki ya daɗe, in kin ga dama." Kowa ya yi dariya. Matata ma ta yi, amma a hanyar komawa gida ba ta magana.

Wani tari ne ya tona asirin. Ya ƙi jin magani, aka ce a ɗauki hoton ƙirji. Daga wannan hoton aka tura mu wani, na babbar na'urar da ake zura mutum a ciki yana kwance. Da sakamako ya fito, likitar hoto ta kira mu ofishinta. Mace ce gajeriya mai tabarau, ba ta son dogon zance. Ta juyo mana da allon kwamfuta ta nuna da biro.

Ga abin da na fahimta. Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya takan hau sama, ta lanƙwasa kamar mariƙin lema, ta gangara ta hagu. Haka take a jikin kusan kowa. Ta matata kuwa ta ga damar lanƙwasawa dama, wani sashenta ya zagaya ta bayan hanyar abinci, abin ya haɗe ya zama zobe. Hanyar abincin tana tsakiya, a matse.

"Ba abin tashin hankali ba ne yau ko gobe," in ji likitar. "Amma abinci mai tauri zai riƙa tsaya miki a nan." Ta taɓa ƙirjinta.

Na zaci matata za ta tambayi batun tiyata. Sai ta ce, "Likita, tun yaushe yake nan?"

"Da shi aka haife ki."

Matata ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, likitar ta miƙa mata takardar share hanci. Muna fita, tun kafin in tayar da mota, ta ce, "Sai Inna ta ji wannan da kunnenta."

Na ce, "Mu fara tunanin lafiyarki."

Ta ce, "Ita ce lafiyar tawa."

Muka je muka sami Inna tana tsince shinkafa a tire. Na zauna a ƙasa, na yi gyaran murya irin ta aji, na zana mata jijiya da yatsa a kan tabarma. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina aiki ba.

"Malam, mene ne sunan ciwon?"

Na ce ai shi ne nake bayani.

"Bayani ka yi. Suna na tambaya. Hawan jini na san shi, shi ya ɗauke mahaifinta. Ciwon suga na san shi. Gyambon ciki na san shi. Kowane ciwo da sunansa yake zuwa. Wannan naku mai zobe da lema, a wane gari aka raɗa masa suna?"

Matata ta ce, "Inna, likita ce fa ta faɗa."

"To likitar ta faɗa min sunansa da bakinta, in ji. In akwai suna, na yarda. In babu, ni na san sunan da na sa masa tun tuni."

Sa'a ta zo da kanta, ko kuma a lokacin haka na ɗauka. Likitar hoto ta bugo waya ta ce babban malaminsu, wanda duk asibitin ke kira Farfesa, ya ga hoton ya kasa zama. Yana so a kawo matata zaman da yake yi da ɗalibansa, don irin nata ba kasafai ake gani ba. Na tambaya ko za mu iya zuwa da tsohuwa. Ta ce ba laifi. Na ce a raina, magana ta ƙare, mutumin da ya tsufa a kan abu ba zai rasa sunansa ba.

Ranar zaman Inna ta fito da mayafinta na fita unguwa, da ƙatuwar kula a hannu. Na ce, "Inna, asibiti fa za mu." Ta ce ta sani. Na karɓa zan sa a but ɗin mota, ta ce a cinyarta za ta riƙe.

Ɗakin Farfesa yana hawa na sama. Dogon tebur, kujerun roba, fanka mai kuka, da ɗalibai cikin fararen riguna a jikin bango. Amma abin da ya ɗauki idona kantar da ta cinye bango guda. An jera wasu abubuwa a kai, na tiyo ja da waya, kowanne a kafe a kan katako, wani ya lanƙwasa dama, wani hagu, wani ya rabu biyu ya sake haɗewa. A tsakiyar kowanne akwai wata farar roba mai laushi, a tsaye, ita ce hanyar abinci. Farfesa da hannunsa ya ƙera su. Aikin rayuwarsa ke nan: ya tattara duk hanyoyin da wannan jijiya ke iya kaucewa, ya raba su gida-gida, kowane gida da nasa layin a kantar. An ce in ya ga hoton da bai san gidansa ba, ko abinci ba ya iya ci.

Dogo ne, siriri, aljihun rigarsa cike da biro. Da muka shiga, hoton matata ya riga mu, yana haske a bango. Farfesa ya fara gaida hoton da ido, sannan ya tuna da mai shi.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Kin san abin da kike ɗauke da shi kuwa? Abin sha'awa!"

Inna ta zauna, ta aje kula a kan tebur. "Likita, ni ce uwarta. Sunan ciwon na zo ji."

"Yanzu kuwa, Inna." Ya miƙa hannu ya sauko da ɗaya daga kantar. "Tagwaye ne. Lanƙwasa biyu aka yi mata, dama da hagu. Ta hagun ta tsuke tun tana ciki, ta koma zare. Gida na farko."

Na sauke ajiyar zuciya. Matata ta matse min hannu a ƙarƙashin tebur.

Sai likitar hoto ta gyara tabarau ta ce, "Ranka ya daɗe, da izininka."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai gaba ɗaya, da alama sun san abin da ke tafe.

Ta je ta ɗauko wani daga can ƙasan kantar. "Ni dai lanƙwasa ɗaya nake gani, ta dama. Reshen da ke kai jini hannun hagu ne ya ɓata hanya ya bi ta baya. Zaren da ya rufe zoben wani ne daban. Gida na uku."

"Dubi tsinin nan," in ji Farfesa, yana buga bango da biro. "Me ke jan sa in ba ragowar lanƙwasa ba?"

"Shi ma zaren da nake faɗa yana iya jan sa haka, ranka ya daɗe. Kai ka koya mana."

"Na koya muku a kan wani, ba wannan ba!"

Aka shiga. Ya kira hoto na gefe, ta kira na baya. Ya ce a juya, aka juya. Ya tambayi wani ɗalibi ra'ayinsa, bawan Allah ya dubi Farfesa, ya dubi likita, ya ce duka biyun suna da hujja, aka ce ya koma bango. Abin da na tsinta a cikin hayaniyar shi ne, zaren da ake faɗa a kai ba ya fitowa a hoto, saboda jini ba ya bi ta cikinsa. Ba mai ganin sa sai an buɗe ƙirji. Can Farfesa ya sauke biro, idonsa ya yi wani ƙyalli, ya ce a hankali, "Ko kuwa ba na farko ba ne, ba na uku ba. Ko sabon gida ne." Ya waiga yana auna inda zai ƙara katako a kantarsa.

Duk wannan, ba wanda ya dubi matata.

Inna ta bari suka numfasa, sannan ta ce, "Wato dai ba ku san sunansa ba."

"Inna, ba haka ba ne," in ji likitar. "Mun yarda akwai zobe. Gidan da za a sa shi ne..."

"'Yar nan, ke kin ce uku, babanki ya ce ɗaya, yanzu kuma ya ce sai an gina sabo. Ni ban yi boko ba, amma na san in mutum biyu suka ga akuya ba sa gardama a kan ko jaki ce."

Ta jawo kula ta buɗe. Ƙamshi ya cika ɗakin, har fankar ta taya rabawa. Soyayyen nama ne, ya sha albasa. Ta zaro cokali mai yatsu daga jaka ta soki tsoka ta miƙa wa Farfesa.

"Ci."

"Inna, a nan ba a..."

"Ci, ɗan nan. Dubi wuyanka."

Mutumin da ɗalibai ke rawar jiki in ya yi tari, sai ga shi ya karɓa ya kai baki. Ya tauna. Ya lumshe ido. Ya haɗiye.

"Ya tsaya maka?"

"A'a, wallahi."

"Da tauri?"

"Kamar auduga."

Ta sa aka zagaya da kular. Fararen riguna suka baro bango. Kowa ta tambaye shi ko ya tsaya masa, kowa ya girgiza kai da baki cike. Ta juyo ta dube mu, ni da matata, ta buɗe tafin hannu ta ce, "To."

Na dubi matata. Ta ƙura wa tebur ido, ta haɗe leɓe, kafaɗunta sun sauka. Na san wannan zaman, shi take yi a mota in mun baro gidan Inna. Raina ya ɓaci ƙwarai, da Farfesa da kantarsa da ni kaina da na kawo shawarar. Mun zo neman shaida mun tara wa Inna ɗaki guda na masu goyon baya.

Da Inna ta tsaya a nan, da ta tafi gida da nasara. Amma Inna ba ta san cin rabin nasara ba. Ta miƙe ta nufi kantar Farfesa, ta sa yatsa ta latsa farar robar ɗaya daga cikin abubuwan.

"Wannan ce hanyar abincin?"

Likitar ta ce ita ce.

"Wannan jan tiyon kuma shi ne wai zai tare namana? Naman da tsoho marar haƙori ke ci ya nemi ƙari?"

Ta ɗauko tsoka da hannu ta jefa a bakin robar.

Farfesa ya yi ƙara kamar an taka shi. "Inna! Ba a sa musu maiƙo!"

Tsokar ta zurara ta faɗo ta ƙasa, tim, a kan katako. Inna ta juyo tana murmushi. "Kun gani?"

"Wannan na lafiyayyen mutum ne, Inna," in ji likitar. "Irin naki da nawa." Ta ɗauko wanda Farfesa ya sauko da shi ta ajiye a gabanta. "Ga na 'yarki, in maganar Farfesa ce daidai."

Farfesa ya buɗe baki, likitar ta dube shi ta saman tabarau, ya rufe.

Inna ta jefa tsoka. Ta gangara kaɗan, ta iso inda jan tiyo ya zagaye robar, ta tsaya. Ana ganin kumburinta daga waje. Inna ta girgiza katakon. Ko gezau. Ta zura yatsa ta danna, robar ta ƙara kumbura.

"Wannan naka ka ɗaure shi da yawa," ta ce wa Farfesa. "Kawo na yarinyar."

Aka ba ta na gida na uku. Ta zaɓi tsoka mafi laushi, ta jefa. Ta tsaya a wuri ɗaya da waccan.

Inna ba ta dubi kowa ba. Mace ce da ba ta taɓa barin aiki ya gagare ta ba, don haka ta ci gaba. Ta matso tsokar ta fito da ita, ta yayyage ta da farce ƙanana-ƙanana, ta sa guda. Ya maƙale, amma da sauƙi. Ta waiga ta ɗauki kofin ruwan Farfesa ta tsiyaya kaɗan a ciki. Ya motsa. Ta kama bakin robar ta ɗan ja sama ta miƙar da ita, ta jira. A hankali ɗan naman ya sulale ya wuce.

Ta tsaya a haka, hannu ɗaya riƙe da wuyan robar, ɗaya da kofi. Na ga lokacin da ta gane abin da hannuwanta suka yi, don ta sha ganin sa a kan bencin shagonta.

Ta ajiye kofin. Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. "Dangin ubanta ne. Duk abinsu a karkace yake. Kawunta ma da karkataccen hanci ya mutu."

"Ba mu da shaidar cewa gado ne, Inna," likitar ta ce. "Tun cikin yana ɗan ƙarami abin ke ƙulluwa, sau da yawa kafin mace ta san tana da shi. Ba abin da wani ya yi, ba abin da wani ya bari."

"A cikina ke nan."

"Ba laifinki ba ne."

"Ban tambaye ki ba." Ta goge yatsunta da gefen mayafi. "Tun tana shan nono yake nan?"

"Tun kafin nan."

Farfesa dai yana gefe da biro yana ƙoƙarin zaƙulo nama daga gida na farko. Bai ɗago ba ya ce, "In dai ta yanke shawarar a yi aikin, don Allah a kira ni. Ina so in ga zaren nan da idona, a huta da gardama."

Inna ta juya gaba ɗaya. "A tsaga min 'ya don ka san inda za ka kafa katako? Taɓa ta ka gani."

"Inna, ba nufina..."

"Kai da ko sunan ciwo ba ka sani ba."

Likitar ta yi maza ta ce batun aiki shawara ce ta matata, ba gaggawa, za su zauna su biyu a wani lokaci. Inna ta rufe kular, ta tura ta gaban Farfesa ta ce ya ƙarasa, ya aiko mata da kwanon. Muka fito.

A matakala ni ne a gaba, su biyun a baya. Mun sauko hawa ɗaya sai na ji takunsu ya tsaya. Na waiga. Inna ta tare matata a kwanar bene, wajen wata taga, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinta, daidai inda likitar ta nuna. Mutane na ratsa su suna wucewa. Ta sunkuya kamar mai leƙa rijiya, ta fara faɗa.

"Ke jijiya, Allah ya isa tsakanina da ke. Kowa ya bi hagu, ke sai dama. Wa ya aike ki? Kin ɓuya a nan kin yi lamo, kin bar ni ina ta haƙilo da yarinya, ina ɗura mata, ina..."

Maganar ta tsinke. Wani ma'aikaci da ke turo keken marasa lafiya ya rage tafiya yana kallo, na yi masa alama ya wuce. Matata na dariya, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Inna ba ta ɗauke hannun ba. Ta ɗago ta dube ta, ta haɗe gira, ta koma muryarta ta kullum.

"Ke ma da naki. Abu na tsaya miki a ƙirji shekara da shekaru, me ya hana ki buɗe baki ki faɗa min?"

"Na faɗa, Inna."

"Yaushe?"

"Kullum."

Inna ta buɗe baki za ta musa. Na ga tana lalube, tana komawa baya, shago, benci, kwano. Bakin ya rufe da kansa. Ta zauna a kan matakala da mayafinta na fita unguwa, ta jawo hannun matata ta riƙe da hannu biyu.

"Kin faɗa," ta ce.